Katin inshorar lafiya na NHIA: abin da yake biya, da inda yake barin mutum a layi

Mai tambaya ko katin inshorar lafiya na gwamnati ya cancanci wahalar yin rajista, amsarsa ita ce ya cancanta, da sharaɗin ya san abin da ya saya. Katin yana rage kuɗin da za a zaro daga aljihu a bakin tagar biya, kuma ragin ba kaɗan ba ne. Amma layin ganin likita yana nan yadda yake, gadon da babu shi ba zai samu ba don an nuna kati, likitan da ke duba mutum sittin a rana ba zai zama biyu ba. Yawancin ƙorafin da ake ji a kan tsarin daga nan yake tasowa: mutum ya ɗauka ya sayi hanyar tsallake cunkoson asibitin gwamnati, sai ya tarar an ƙara masa tebur ɗaya a kan waɗanda zai bi.

An kafa tsarin da doka a 1999, ya fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo da sunan NHIS, wanda har yau shi ne sunan da ke bakin mutane. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, aka ce inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowane ɗan ƙasa, aka kuma tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi. A takarda ke nan. A zahiri waɗanda ke cikin inshora, in an haɗa na tarayya da na jihohi da na kamfanoni, suna wajen miliyan 20 ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita.

Ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana shiga ta wurin aikinsa, kuma katinsa yana ɗaukar shi kansa, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wannan lissafi an yi shi ne da ƙaramin gida a zuciya. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya zauna ya zaɓi waɗanda zai rubuta, sauran kuma ya biya musu a matsayin ƙarin iyali ko ya bar su a waje. Shawara a nan: a sa matar da ke cikin shekarun haihuwa, da ƙananan yara, da duk yaron da ke da ciwo mai dawowa kamar sikila ko asma. Kada a gwada kai yaron da ba a rubuta ba da katin ɗan'uwansa. Ban da laifin da ke ciki, fayil ɗin yana cakuɗewa, rukunin jinin wani ya shiga tarihin wani, kuma ranar da za a yi ƙarin jini cikin gaggawa wannan cakuɗewar tana iya zama ajali.

Wanda ba ma'aikaci ba, ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu ko ɗan fansho, ƙofarsa ita ce GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a ƙarshen 2020. Ya fara da naira 15,000 kowane mutum a shekara, an kuma ɗaga farashin tun daga lokacin, don haka a tambayi kuɗin yau a ofishin hukumar na jiha kafin a yi kasafi. Ana buƙatar lambar NIN da hoto. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne katin ba ya fara aiki ranar da aka biya. Akwai lokacin jira na makonni kafin suna ya hau jerin da ake tura wa asibiti. Wanda ya bari sai da aka sa masa ranar tiyata sannan ya ruga yin rajista ya makara. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin, KSCHMA a Kano da aka kafa da dokar 2016, KADCHMA a Kaduna, da makamantansu. A arewa an fi kiran abin taimakekeniya maimakon inshora, saboda jama'a sun fi natsuwa da tsarin da aka gina a kan a tara a taimaki wanda ciwo ya kama. Yadda suke aiki kusan ɗaya ne da na tarayya, don haka yawancin abin da ke ƙasa ya shafe su.

Zaɓen asibiti

A fam ɗin rajista akwai gurbin da ake rubuta asibitin farko, wato inda mutum zai riƙa zuwa kai tsaye duk lokacin da bai ji daɗi ba. Wannan gurbi ya fi komai muhimmanci a fam ɗin, kuma shi aka fi cikewa da ka. Mutum ya ce ai gara babban asibiti, sai ya rubuta asibitin koyarwa: na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Hujjarsa ita ce can ƙwararru suke. Gaskiya ne suna can, amma mai zazzaɓin cizon sauro ba ƙwararren zai gani ba. Zai shiga layin sashen marasa lafiya na yau da gobe tare da dubban mutanen da suka yi irin tunaninsa, ya ɓata yini a kan abin da ƙaramin asibitin unguwa zai gama cikin awa ɗaya.

Ƙaramin asibitin ma yana da nasa aibin. In waɗanda suka zaɓe shi ba su da yawa, kuɗin da yake samu daga inshora ba ya isa ya cika kantar magani, sai ya riƙa kallon mai kati a matsayin kaya. Abin da ya fi dacewa shi ne matsakaici: babban asibitin jiha ko asibitin kuɗi mai rajista da hukumar, wanda ke kusa da gida, yana aiki dare da rana, yana da ɗakin gwaji da famasi a cikinsa, kuma yana da tebur na musamman na masu inshora da ma'aikacin da ke zama a kai. Kafin a rubuta sunansa a je a gani da ido. A tambayi masu jira a benci ko suna samun magani a ciki ko waje ake tura su. Ana iya canza asibiti, amma sai an yi wata shida da wanda aka zaɓa, kuma canjin ma yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana a jeri.

Dalilin da ya sa girman asibiti ke tasiri yana cikin yadda ake biyan kuɗin. A matakin farko ba a biyan asibiti gwargwadon aikin da ya yi. Ana ba shi ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kai duk wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Sama da shekara goma wannan kuɗi yana naira 750. Asibitin da ke da mutum 2,000 a jerinsa zai karɓi naira miliyan ɗaya da rabi a wata, daga ciki zai duba duk wanda ya zo, ya yi masa gwajin zazzaɓi da na fitsari, ya ba shi magani. Lokacin da aka yanka wannan kuɗin yana da ɗan auki. Bayan faɗuwar naira a 2023, da ficewar kamfanonin magani irin su GSK daga ƙasar a cikin shekarar, farashin wasu magunguna ya ninka sau biyu, sau uku, kuɗin kai kuwa yana nan inda yake. Duk mai asibitin da ya iya lissafi ya san kowane ƙwayar magani da ya bayar daga ribarsa take fita. An yi ƙari a 2024, aka sake yi a Afrilun 2025 har kuɗin ya kai naira 1,450. Wannan gyara ne na gaske, kuma shi ne abu mafi amfani da hukumar ta yi a 'yan shekarun nan, sai dai ya zo a makare kuma hauhawar farashi ta riga ta rage masa auki.

Safiya a asibiti da kati a hannu

Ga yadda abin yake a yawancin manyan asibitocin gwamnati. Tun bayan sallar asuba mutane sun fara jera katunansu a kan tebur ko a bakin taga, wani ya ɗora dutse ko takalmi ya riƙe masa wuri. Ma'aikatan kati suna buɗewa wajen ƙarfe takwas. Mai inshora ba ya zuwa tagar biya, teburin inshora yake fara zuwa, a duba sunansa a jerin wannan watan. In yana ciki a buga masa hatimi, a nemo fayil, ya je wurin nas a auna jini da zafin jiki da nauyi, ya koma benci. Wanda ya iso ƙarfe bakwai yana iya ganin likita kafin sha ɗaya. Wanda ya iso ƙarfe goma, in ba a rufe karɓar kati ba, sai bayan azahar. Ganin likitan kansa minti biyar ne zuwa goma. Daga nan layin gwaji, jiran sakamako, komawa wurin likita, sannan famasi. Litinin ta fi kowace rana cunkoso saboda tarin ƙarshen mako, Juma'a kuma aiki yana tsinkewa da wuri. Talata zuwa Alhamis sun fi sauƙi.

Matsala ta farko da ake cin karo da ita ita ce a ce babu sunanka. Sau da yawa ba korar mutum aka yi ba. Ko dai kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibiti bai turo sabon jeri ba, ko an rubuta sunan da wani harafi daban, ko yaro ya cika 18 an cire shi, ko canjin asibiti bai kammala ba. Maganinta a riƙe lambar rajista a rubuce, ba katin kaɗai ba, a kuma ajiye lambar wayar kamfanin. Ma'aikacin tebur yana iya tabbatarwa ta waya in ya ga dama, kuma ya fi ganin dama in mutum ya zo da lambobinsa a shirye.

Kamfanonin nan na tsakani, waɗanda ake kira HMO, su ne ke riƙe da makullin mataki na biyu. Duk abin da ya wuce ƙarfin likitan farko, ganin ƙwararre, tiyata, hoto mai tsada, kwanciya ta musamman, ana biyansa ne gwargwadon aiki, kuma kafin a yi sai kamfanin ya ba da lambar amincewa, wadda kowa a asibiti ke ce wa kod. Likita zai rubuta takardar turawa, teburin inshora ya aika wa kamfani, a jira. A nan ne aka fi zubar da hawaye. An sha barin majinyaci a benci daga safe har la'asar ana cewa kod bai zo ba, wani lokaci a ce ya dawo gobe. Kamfani yana da dalilin jan ƙafa, domin kowane kod kuɗi ne zai fita. Asibiti ma yana da dalilin ƙin fara aiki, domin akwai kamfanonin da ke riƙe masa bashin watanni.

Daga 1 ga Afrilun 2025 hukumar, ƙarƙashin shugabanta Dakta Kelechi Ohiri, ta ba da umarnin cewa kamfani ya ba da kod cikin awa ɗaya da karɓar buƙata, in zai ƙi kuma ya faɗi dalili cikin wannan lokacin. A yanayin gaggawa ba a jiran kod, a fara magani a nemo shi cikin awa 48. Umarnin yana da kyau, amma yana aiki ne ga wanda ya san da shi. Abin yi shi ne a tambayi ma'aikacin tebur ƙarfe nawa ya aika, a rubuta. In awa ta wuce, majinyaci ko mai jinya ya kira kamfanin da kansa, ya faɗi lambar rajista da sunan asibiti da lokacin da aka aika. Ba kasafai laifin ke zama na kamfani kaɗai ba: wani lokaci buƙatar ba ta ma bar teburin ba, ko an aika babu cikakken bayanin ciwon sai aka dawo da ita. Kod kuma na aiki ɗaya ne. Wanda aka bayar don ganin likitan ƙashi ba zai biya hoton da likitan ya rubuta ba, sai an nemi wani. Mai wayo yana roƙon likita ya rubuta duk abin da ake buƙata a takarda ɗaya, a nema gaba ɗaya.

Famasi

Ƙa'ida ita ce mai kati ya biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Maganin naira 8,000, ya ba da 800. In maganin yana nan, wannan shi ne wurin da katin ya fi nuna amfaninsa, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga da ke shan magani kullum. Mutumin da ke karɓar na wata-wata yana iya mayar da kuɗin rajistarsa na shekara cikin 'yan watanni.

Sai dai takardar magani ta kan dawo da haruffa biyu a gefen wasu layuka, OS, ma'ana babu shi a kanta. A ba mutum farasitamol da maganin ƙarin jini, mai tsadar kuma a ce ya nema a kemis. Dalilai biyu ne. Na farko lissafin kuɗin kai da aka yi bayani a sama. Na biyu, hukumar tana da jerin magungunan da ta yarda ta biya, kuma da sunan asalin sinadarin aka rubuta su, ba da sunan kamfani ba. In likita ya rubuta sunan wani kamfani mai tsada, famasi zai ce babu, alhali irinsa na wani kamfanin yana nan a kan kanta. Don haka kafin a fita daga ɗakin likita a ce masa, likita, na inshora ne, a rubuta wanda ke cikin jerinsu. In duk da haka aka ce babu, nauyin samo shi a kan asibitin yake, ba a kan majinyaci ba. Wanda dole ta sa ya saya a waje ya riƙe takardar da aka rubuta OS da rasiɗin kemis, domin da su ake neman a mayar da kuɗi. Mayarwar tana da jinkiri kuma ba kowa ke samu ba, amma wanda ba shi da takarda ba shi da ma bakin magana.

Akwai abubuwan da katin bai ɗauka ba sam, kamar dashen gaɓa, tiyatar kwalliya, da dashen ciki ga masu neman haihuwa. Akwai waɗanda ake raba kuɗin, kamar hoton CT da MRI, inda mai kati ke biyan rabi. Wankin ƙoda an ƙayyade shi ga 'yan lokuta kaɗan, don ciwon da ya zo farat ɗaya, ba don wanda zai riƙa wanki sau biyu ko uku a mako har tsawon rai ba. Kwanciya ma tana da iyakar kwanaki a shekara, a ɗakin gama-gari. Mai son ɗaki na musamman shi zai cika bambancin.

Ba gado

A nan katin ba shi da ta cewa. Najeriya ba ta kai gado ɗaya ga kowane mutum dubu ba, kuma gadajen sun taru ne a manyan birane. Asibitin Murtala da ke cikin birnin Kano, wanda aka gina tun zamanin Turawa, yana karɓar marasa lafiya daga ƙananan hukumomin jihar da jihohin maƙwabta har da Jamhuriyar Nijar. Ba ginin da zai ɗauki wannan ba tare da an kwantar da wani a baranda ba.

Amma in an ce ba gado, ba kullum ake nufin ƙarfe da katifa ba. Gado a asibiti yana nufin nas da za ta kula da shi, da iskar oksijin in ana buƙata, da likitan da zai zagayo. Ana iya samun ɗaki a rufe da gadaje a ciki saboda babu ma'aikatan da za su riƙe shi. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitocin da suka rage a ƙasar wajen 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage ɗin ma kaso mai yawa suna Legas da Abuja. Na nas-nas bai fi wannan daɗin ji ba. Gwamna yana iya buɗe sabon gini mai gado ɗari a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, ba tare da adadin waɗanda za a iya kwantarwa ya ƙaru da ko mutum goma ba.

Sannan gadajen da ke akwai suna toshewa daga ciki. Wanda aka sallama bai iya biya ba yana nan kwance. Wanda ke jiran sakamakon gwaji da ya kamata ya fito jiya yana nan. Wanda aka ɗage tiyatarsa yana nan. Tunda ɗakunan kwanciya ba su saki kowa ba, sashen gaggawa ba shi da inda zai tura nasa, sai ya cika, sai mai sabon haɗari ya tsaya a cikin mota a bakin ƙofa. A bisa wannan, inshora tana taimakawa ta bayan fage, domin mai kati ba ya kwana a gado saboda bashi. In da yawancin majinyata suna da ita, gadaje da yawa za su riƙa buɗewa da wuri.

Abin da iyali za su iya yi kaɗan ne, amma yana da tasiri. In ƙaramin asibiti zai tura mara lafiya gaba, a nace su kira can tukuna su tabbatar da wuri, su kuma rubuta takarda mai bayanin abin da aka yi da abin da aka ba shi. Yawo da mara lafiya a a-daidaita-sahu daga wannan ƙofa zuwa waccan ya kashe mutanen da ciwonsu bai kai na mutuwa ba. A kuma sani cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ko babu gado, tsayar da jini da sa ruwa da daidaita numfashi kafin a tura mutum haƙƙinsa ne.

Jiran tiyatar da ba ta gaggawa ba, irin su ƙaba ko ƙari ko gyaran ƙashi, yana iya kai makonni ko watanni a asibitin koyarwa. Kowane sashe yana da ranakun shiga ɗakin tiyata, kuma jerin ranar yana rushewa da abu kaɗan: an kawo mai naƙuda da dole a ciro jariri yanzu, likitan sa barci ɗaya ne, wuta ta ɗauke kuma babu man janareta, ko jinin da aka ce dangi su tanada bai samu ba. Na ƙarshen nan yana hannun iyali. A kai masu ba da jini kwana biyu ko uku kafin ranar, a tabbatar an gama duk gwaje-gwaje kuma kod ɗin tiyatar ya fito. Batun wuta kuwa ya tsananta tun Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A, wato na waɗanda suka fi samun wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni, manyan asibitoci suka wayi gari da takardun bashin da suka fi ƙarfinsu. Yajin aiki ma yana share jerin gaba ɗaya. Na likitoci masu neman ƙwarewa a 2021 ya ɗauki wata biyu, daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoba, kuma su ne ƙashin bayan aikin asibitocin koyarwa. A irin wannan lokaci mai katin da asibitinsa na farko na kuɗi ne ya fi samun sauƙi.

Inda manufar gwamnati ta dosa

Tushen cunkoson manyan asibitoci shi ne mutuwar ƙananan. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda bai shiga kasafi ba sai 2018. Kusan rabinsa yana bi ta hannun hukumar inshora don biya wa talakawa, mafi yawan sauran kuma yana zuwa asibitocin sha-ka-tafi don magani da gyara da ma'aikata, da kashi 5 na agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. A Disambar 2023 gwamnatin tarayya da gwamnoni suka sa hannu a yarjejeniyar ninka adadin waɗanda ke samun kuɗin, daga wajen 8,800 zuwa sama da 17,000. Inda kuɗin ke isa kuma akwai ungozoma da ke kwana, ana ganin bambanci: awo da rigakafi da haihuwar da ba ta da tangarɗa suna ƙarewa a can. Inda aka yi fenti aka kafa allo amma ma'aikaci ɗaya ne kuma yana tashi ƙarfe biyu, mata suna ci gaba da wucewa birni. Duk mai ƙaramin ƙarfi, musamman mai juna biyu, da mai yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsoho, da mai buƙata ta musamman, ya kamata ya tambaya a asibitin mazaɓarsa ko ana rajistar wannan asusun, domin kyauta ce. Gurbin yana da iyaka kuma ba a cika shelanta shi ba.

An kuma ƙara wasu shirye-shirye ta hannun hukumar: aikin yoyon fitsari kyauta da aka fara a 2024, da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da aka sanar a Nuwamban 2024. Ba a kowane asibiti ake yin su ba, sai waɗanda aka zaɓa, don haka mai ciki ta tambaya tun a wurin awo wane asibiti ne mafi kusa da ke cikin shirin, kada a bari sai naƙuda ta tsananta ko jijjiga ta kama ta. Duk waɗannan suna tafiya ne a kan kasafin da bai taɓa kusantar kashi 15 cikin ɗari da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001 ba. Na tarayya ya daɗe yana yawo a wajen kashi 5.

Wa katin ya fi yi wa amfani? Mai ciwon da ke buƙatar magani kullum, da gidan da ke da ƙananan yara, da matar da ke haihuwa, domin awo da haihuwa da tiyatar ciro jariri suna ciki, jaririn ma yana shiga ƙarƙashin katin uwarsa na makonnin farko kafin a yi masa nasa. Ga matashi mai ƙoshin lafiya ribar ba ta bayyana sai ranar da tsautsayi ya faɗa, irin su tiyatar afendis ko karaya. Wanda ke fama da ciwon daji ko ciwon ƙoda mai tsanani zai samu sauƙi a gefe-gefe, gwaje-gwaje da wasu magunguna, amma babban nauyin yana nan a kansa.

In an ci karo da matsala, matakan ƙorafi uku ne, kuma a bi su a jere: ma'aikacin teburin inshora na asibitin, sannan kamfanin HMO, sannan ofishin NHIA na jiha, wanda ke da ikon hukunta asibiti da kamfani duka. Ƙorafin baki ba ya zuwa ko'ina. A rubuta a takarda, da kwanan wata, da lokaci, da lambar rajista, da abin da aka nema aka hana, a haɗa da hoton takardar magani ko rasiɗi, a ajiye kwafi ɗaya da hatimin karɓa a kai.